Kujerun Zauren Baba

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Na gama aune-aune a zauren Baba. Mutum shida, duk a tabarma, kai sunkuye kan fata tun safe har La'asar. Yaya Isiyaku ya fi kowa jin jiki, in zai miƙe sai ya dafa bango. Likita ya ce in bai sauya zama ba, nan da shekara sai dai ya haƙura da ɗinkin takalma. Ga mata da 'ya'ya uku. Ni kuwa binciken digirina ke nan, daidaita wurin aiki da jikin mai aiki. In na kasa gyara zauren gidanmu a Yakasai, da wane ido zan je horar da ma'aikatan wata masana'anta?

Alhamis, 8 ga Mayu

Na kai wa Malam Maharazu kafinta zane. Kujera mai majingina, tebur daidai gwiwar hannun kowa. Ya ce shekara talatin yana sassaƙa, ba a taɓa kawo masa awon cinyar mutum ba.

Asabar, 17 ga Mayu

An kawo. Na nuna musu yadda ake zama, kowa ya sa albarka. Baba dai ya ce shi buzunsa ya ishe shi.

Talata, 20 ga Mayu

Kwana uku. An jibge fatu a kan kujeruna, ɗaya ma buta aka ɗora mata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta a babi na huɗu na bincikena: jahilci da ƙin canji.

Laraba, 21 ga Mayu

Baba ya tafi jana'iza Zaitawa. Na leƙa zaure, sai ga su duka biyar a kan kujeru, Yaya har da miƙe ƙafa yana yanka fata. Ana jin gyaran muryar Baba a ƙofa suka zame ƙasa kamar an watsa musu ruwan zafi.

Na kai wa Inna ƙara. Dariya ta yi mini, wai duk bokona ban san ba a zama sama da uba ba? Shi yana ƙasa, ɗansa yana bisa kujera yana kallon tsakiyar hularsa?

Ni kaina a durƙushe nake gaishe shi kullum. Na auna komai a zauren nan ban da wannan.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na roƙi Baba ya hau kujera. Ya ce ƙafarsa ba ta saba lilo ba, kuma a kan buzun nan mahaifinsa ya koya masa riƙe basilla. Ban ja ba. Amma ban haƙura ba, wallahi. Aikin Sallah ya taso, Yaya yana shan maganin ciwo kamar gyaɗa.

Talata, 27 ga Mayu

Na koma wurin Malam Maharazu. Ba kujera ba, ɗan gado mai faɗi da za a shimfiɗa buzu a harɗe ƙafa. Ya ɗara kujerun tsawo da yatsa huɗu.

Juma'a, 30 ga Mayu

Bayan masallaci na sami Baba shi kaɗai, na faɗa masa abin da likita ya ce game da bayan Yaya. Ashe Yaya bai taɓa gaya masa ba. Sai ya dube ni ya ce:

"Wato ni ne ciwon bayan nasa, Shamsiyya?"

Na ce a'a, Baba, kunyarka ce. Na fita ina kuka, ban san dalili ba.

Litinin, 2 ga Yuni

Da safe na tarar da buzun a kan gadon, Baba a harɗe bisansa yana mita wai an mai da shi liman. Ya dubi Yaya ya ce, "Hau kujerarka mana. Ko sai na ɗaga ka?"

Ya hau. Har La'asar bai dafa bango ba.

Na buɗe babi na huɗu na goge kalmar nan ta jahilci. Ba wai don komai ba, layin ne ya yi tsawo.