Kwalin da Malam Bitrus Ya Saya

Yelwa, Yauri,
9 ga Disamba.

Zuwa ga Yayata Hasiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Haruna da yara duka. Yaya ƙafar Inna? Man zafin da ta ce in nemo yana cikin ledar da na ba Bashiru direba tare da takardar. Yaya kunnen naki? Na san kin hana ni tambaya. Har yanzu idan abu ya dame ni sai in ɗauki waya in nemo lambarki, sannan in tuna tun ciwon nan ba kya ji, in ajiye in nemi biro.

Kin tambaye ni aiki. Yana nan, mu ne muke ƙarewa. Shekarata huɗu ina jera kaya a kantin nan, kuma ban taɓa ganin Disamba irin wannan ba. Bara warhaka sashena na kayan wasan yara ba ya shiguwa. Mutanen Ngaski da na Shanga sun sayar da shinkafa, sun zo yi wa yara sayayyar Kirsimeti, namu Musulmi ma suna raɓawa su sayi bindigar ruwa. Bana kowa mai da magi yake nema. Shekaranjiya na ga wata mata ta rufe wa ɗanta fuska da gefen mayafinta har suka wuce layina. Ban ga laifinta ba.

Ɗan abin da za a saya ɗin ma babu. Tirelar kayanmu tun Nuwamba take hanya daga Legas. Yau a ce ba a fito da kayan daga tashar ruwa ba, gobe a ce mota ta lalace wajen Mokwa. Kantoci biyar nake da su, kayan da suka rage ba su cika biyu ba. An kuma sallami uku cikin masu jera kaya, saboda haka ni ce ta sabulu, ni ce ta biskit. Da yamma bayana kamar an daka.

Manajanmu, Malam Faruk, ya ce mai kantin zai zo daga Sakkwato ya duba, idan ya tarar da kanta wayam zai ce a rufe sashen, ni kuma in bi sauran. Sai ya kawo dabara. Na fito da kowane abin wasa daga kwalinsa na jera a ƙasa, kwalayen kuma na manne bakinsu da salatif na jera a kantocin sama, wuri ya yi kamar a cike. Da fanka ta fara watso su, sai na ɗebo yashi a bayan kanti, na ƙulla a 'yan ledoji, na sa ɗaya cikin kowane kwali. Kwana biyu na yi ina wannan aikin.

Manaja ya ce ado ne, ba ƙarya ba. Ni ma haka nake gaya wa kaina. Ki gaida Inna, ki ce ta daina zuwa bakin ruwa da ƙafar nan.

Ƙanwarki,
Yasira.

Yelwa,
20 ga Disamba.

Yaya Hasiya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Na ga amsarki, na ga kifin kuma, Allah ya saka. Kin rubuta cewa abin da aka ɓoye a kwali wata rana hannu zai buɗe. Ba ki san kwana nawa ya rage maganarki ta tabbata ba.

Jiya da hantsi wani dattijo ya shigo, doguwar riga wankakkiya, da malfa a hannu. Ya daɗe a bakin ƙofa kafin ya yarda ya tako tayil ɗin da takalminsa. Ya ce sunansa Bitrus, manomi ne, daga wata tunga a hayin ruwa, ta garinku Warra yake shiga jirgi. 'Yar tsana yake nema, irin mai rufe ido idan an kwantar da ita. Jikarsa ce ta ga irinta a hannun ɗiyar fastonsu tun bara, ba ta taɓa roƙo ba, kallo kawai take yi. Ya ce tun rasuwar uwarta shi da tsohuwarsa ke riƙonta. Agwaginsa biyu ya kawo kasuwa saboda wannan.

Guda ɗaya ta rage mana, mai shuɗiyar riga. Na miƙa masa, ya kwantar da ita a tafin hannu, ta rufe ido, ya tayar, ta buɗe. Sau uku ya yi haka yana dariya shi kaɗai. Ya ce in ajiye masa, zai je ya karɓo kuɗin agwagin ya dawo. Na mayar da ita bayan motocin roba don kada wani ya gani.

Sai aka kira ni sito, an kawo katon-katon na omo ba mai saukewa. Na fi awa ɗaya a can. Da na dawo na leƙa bayan motoci, 'yar tsana tana nan, na ce dattijo bai dawo ba. Sai da na ɗaga kai na ga giɓi a kantar sama. Kwalinta babu, mai hotonta a jiki.

Yaya, nan take na bar layina. Na je wurin Zulai'atu mai karɓar kuɗi. Ta ce e, wani tsoho ya zo bai same ni ba, ya hango hoton, ya miƙa hannu ya ɗauko, ya biya, har ya ce a sa masa a leda biyu saboda ruwa. Ita kaɗai ce a kan injin yanzu, layi ya yi mata yawa, ta ji nauyi a kwalin ba ta yi tunanin komai ba. Na fita da gudu har tasha. Motar Warra ta tashi.

Na gaya wa Manaja. Ya dafe kai, ya ce in bar maganar, tsohon zai dawo da rasit a ba shi kayansa. Na ce mutumin da ya sayar da agwagi ya zo, da me zai sake zuwa? Kuma tsohon ya ce mini ba za a buɗe ba sai ranar Kirsimeti bayan an taso coci. Manaja ya ce kaya ba ya fita ba rasit, idan mai kanti ya ji labarin nan ni da shi duka mun tafi. Ba mugu ba ne, Yaya. Yaransa shida, kuma shi ma ya rame.

Ga roƙona. Ki nuna wa Malam Haruna takardar nan. Ya san masu jirgin Warra kaf. Ya tambaya mini wa ya ɗauko dattijo mai malfa ranar Alhamis, da leda rungume a ƙirji, kuma wace tunga ya sauka. Kwana biyar suka rage. Kada ki gaya wa Inna.

Taki,
Yasira.

Yelwa,
24 ga Disamba.

Yaya,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubutu, Bashiru yana jira. Na ga saƙon, ki yi wa Malam Haruna godiya, na san kwana uku ya ɓata yana bin masu jirgi. Tungar Ɗorawa, na riƙe.

Na roƙi Manaja ya sake ni gobe, ya ce mai kantin gobe zai zo, ba wanda zai motsa. Na ce to a ba Bashiru 'yar tsanar ya kawo muku, ya ce ba rasit. Na tsaya ina kallonta a kanta, na kasa ɗauka. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Ina tuna hayar ɗaki da maganin Inna.

Gobe yarinyar nan za ta buɗe kwalin. Ki yi mini addu'a.

Yasira.

Yelwa,
29 ga Disamba.

Zuwa ga Yayata Hasiya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Inna da Malam Haruna da yara. Ki yafe mini. Washegarin Kirsimeti kin gan ni na wuce ta ƙofar gida da safe kamar wadda aka koro, da yamma kuma ban tsaya ba. Na ga kin fito da takarda da biro kina jirana a bakin hanya. Motar ƙarshe ce, kuma ko na tsaya a ranar ba abin da zan iya rubutawa. Yau na iya.

Mai kantin ya zo ranar Kirsimeti. Bai yi minti goma ba. Ya bi ta layina yana waya, ko kai bai ɗaga ya ga kantocin sama ba.

Washegari da safe na ɗauki 'yar tsanar a gaban Manaja, na ce an biya kuɗinta, zan kai wa mai ita. Ya dube ni, ya mayar da ido kan wayarsa, ya ce shi bai ga komai ba, amma ranar fashin aiki ce a wurinsa. Da na san abin da zai ce ke nan, da tun ranar farko na ɗauka. Wannan ya fi komai ci mini rai a hanya.

Jirgin ya yi kusan awa ɗaya da rabi. Tungar 'yar ƙarama ce, gonakin gero a baya, cocin langa-langa a kan tudu. Ban sha wahalar neman gidan ba. Da na ce Malam Bitrus, wata mata mai shanya kifi ta tambaye ni ko mai kwalin yashi, ta yi dariya, ta nuna mini. A nan na san kowa ya ji.

Matarsa ce ta ba ni labari, shi yana gona. Ta ce bayan an taso coci ya tara jama'a a ƙofar gida, har da ɗiyar faston, ya ɗauko kwalin daga cikin rumbu inda ya ɓoye, ya ba yarinyar. Sunanta Rifkatu, shekararta bakwai. Ta daɗe tana ɓare salatif ɗin a hankali don kada hoton ya yage. Sai ga ƙullin leda. Ta zaci wani abu ne na cikin kayan, ta kwance, yashi ya zubo mata a sabuwar riga. Yara suka fashe da dariya, manya ma wasu suka taya su. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta kakkaɓe rigarta ta shige ɗaki. Shi kuma tsohon bai ci abincin ranar ba. Abin da ya fi damunsa, in ji matar, jikar tasa ta zaci da gangan ya yi mata.

Aka aika gona ya zo. Ya gane ni nan take. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, ya tambayi hanya da mutanen gida kamar baƙuwar arziki. Na fito da 'yar tsanar na ajiye a gabansa, na ba shi labarin tirela da kantoci da mai kanti. Ina magana ina jin yadda maganar ba ta da daɗin ji a wurin. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Ɗiyata, wa ya ɗaure yashin ga?"

Na so in ce Manaja ne ya sa. Na ce ni ce.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "An ɗaure shi da kyau. Tun daga Yelwa har gida ko ƙwaya ba ta zube ba."

Yaya, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya kira Rifkatu. Ta fito ta tsaya a jikin kakarta. Ya ce in gaya mata da bakina abin da na gaya masa, don ta san ba shi ba ne. Na durƙusa na gaya mata. Ta dube ni, ta dubi 'yar tsanar, ba ta taɓa ba. Kakarta ta ɗauka ta sa mata a hannu, yarinyar ta riƙe ta a ƙafa ɗaya, kai a ƙasa, ta koma ɗaki. Ban ji motsinta ba har na tashi. Tsohon ya raka ni bakin ruwa, ya ce na yi ƙoƙari da na zo, mutane da yawa ba za su zo ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce Allah ya kai ni lafiya.

Jiya tirelar ta iso, kwana uku bayan Kirsimeti. Tun safe nake saukewa ina jerawa, kantoci biyar sun cika har da ragi a sito. 'Yan tsana masu rufe ido dozin huɗu. Wunin jiya balan-balan biyu na sayar.

Da na sauko da tsofaffin kwalayen, Manaja ya ce in adana su a sito, azumi ya kusa, ba wanda ya san ko kayan Sallah za su zo a kan lokaci. Na ce to. Da ya fita sallar la'asar na farke su ɗaya bayan ɗaya, na tattake, na ba mai ƙosan bakin titi ta hura wuta. Bai sani ba tukuna. Ran Litinin yake zagaya sito.

Ba jarumta ba ce, gajiya ce. Na kasa sake hawa tsani da su. Idan ya yi shiru, zan ci gaba da aiki, don ina bukatarsa. Idan bai yi ba, ki share mini ɗakin nan na kusa da murhun kifi, ki kuma fara shirya Inna a hankali, kin fi ni sanin yadda ake gaya mata abu. Idan Malam Haruna ya haɗu da mai jirgin Tungar Ɗorawa, kada ya tambaye shi komai game da yarinyar. In ta yi wasa da ita, in ba ta yi ba, ba hurumina ba ne kuma.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Yasira.