Kwana Tara Tadala Tana Goye

Zuwa ga Yayana Lameki a birnin Joni,

Yaya, ina gaishe ka da kyau, ina gaishe ka da aiki da sanyin can. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka ƙafa a saman benayen nan da kuke ginawa. Mu nan Kasungu lafiya lau. Tarin nan ya saki Inna, har ta koma gona. Baban Tadala yana can gonar taba, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Ita Tadala haƙoranta huɗu yanzu, tana rarrafe, ta fara kama bango. Matar fasto ce take rubuta min, na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara.

Maganar karenka ce, Kambuku. Ranar da za ka tafi ka ce in ɗaure shi a gindin mangwaro, kada in kwance, kada kowa ya shafa shi, in riƙa sa masa barkono a tuwo don ya tashi da zafin rai ya tsare mana gida. Duk na yi. To Yaya, zafin ran bai zo ba, baki ne ya zo. Kaza ta wuce, haushi. Mai keke ya wuce, haushi. Ko ganye ne ya faɗo sai ya yi, yana tsalle yana kaɗa wutsiya har wayar da na ɗaure shi da ita ta ci masa wuya. Ni kuma da ya fara sai in jefa masa loma don yarinya ta samu barci. Yana haɗiyewa ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ka san gidan nan, ɗaki shida famfo ɗaya. Nambewe ta ɗakin ƙarshe, mai suyar fanke da dare, da rana take rama barcinta. Da farko tsokana take, tana kirana uwar biyu, wai ɗaya a baya ɗaya a gindin bishiya, wai wanne zan fara yayewa. Mu yi dariya. Daga baya ko gaisuwata ta daina amsawa.

Ranar allurar karnuka na ja shi har filin makaranta. Malamin dabbobi ya ga wuyansa ya yi min faɗa a gaban mutane. Ya ce kwikwiyo ne ɗan wata bakwai, gudu yake so, kuma barkono ba ya sa kare jarumta sai zawo. Da na faɗa masa maganar loma sai ya yi ta dariya, wai ai ladan haushin nake ba shi, don me zai daina. Ya ce in kwance shi safe da yamma in zaga da shi har ya gaji, in ya yi haushi in juya masa baya, sai ya yi shiru sannan in ba shi abinci. Ya ce abin zai ɗauki makonni. Na saɓa maganarka na fara, kuma gaskiya ya ragu, amma bai daina ba.

Ran waccan Talatar ina wanki a famfo, na ajiye Tadala a tabarma. Ina juyowa na gan ta ta rarrafa wajen mangwaro, da wani dunƙulen tuwo a hannunta. Ba tuwona ba ne, ni ko tukunya ban ɗora ba. Na fizge na fasa, sai ga baƙaƙen ƙwayoyi a ciki, irin maganin ɓeran da ake sayarwa a tasha. Na saɓe ta na yi asibiti da gudu, ko takalmi babu. Suka duba bakinta, suka riƙe mu har yamma, suka ce bai shiga ba. Shi ma karen bai ci ba, wanda ya jefa bai kai inda wayar take tsayawa ba.

Ban ga hannun kowa ba, ba zan ɗora wa kowa ba. Nambewe ta shigo ɗakina tana kuka, ta rantse ba ita ba ce, har fanke ta kawo wa yarinya. Na karɓa, amma ban ba ta ba. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Ƙanwata, ɗaki biyar karen nan ya hana sakat. Wanda ya jefa kuwa maganinsa bai ƙare ba.”

Tun ranar ban sauke Tadala a tsakar gida ba, yau kwana tara. Ina girki tana baya, ina wanki tana baya. Tana ta miƙe ƙafa tana kuka, ƙasa take so. Ko dutse na gani a ƙasa sai gabana ya faɗi. Makonnin da malamin ya faɗa, Yaya, ni ba ni da su.

Kawu Zakeyu ya ce yana son kare saboda awakinsa, can ga fili, ba mai cewa an dame shi. Ran Asabar mai keken haya zai kai masa. Na san tun idonsa bai buɗe ba ka ɗauko shi, na san amana ka ce. Ba izini nake nema ba, faɗa maka nake don kada ka ji a bakin wani. In za ka yi fushi ka yi, in ka dawo Kirsimeti ka zo ɗakina ka yi min faɗa, zan zauna in ji.

Ka gaishe min da matarka Falesi da kyau, da ƙaninmu Wizimani in kuna haɗuwa. Inna da Kawu suna gaishe ku. Ku sa mu a addu'a. Ran Asabar mai keke yana fita zan share tsakar gidan nan sau biyu, lungu lungu, sannan in kwance zani in sauke 'yata ta taka ƙasa.

Ni ce ƙanwarka,
Esinati, Maman Tadala