Tudun Kaka Ba Juji Ba Ne

Agadas, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Mourtala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ramata da yara. Allah ya ba ku juriyar sanyin Ekos, can ƙasar Turawa. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Hajara kuma ta sauka lafiya, namiji, an mayar da sunan Baba.

Wasiƙarka da hoton sun iso. Na ga tudun nan mai ciyawa da rami kewaye da shi, wanda ka ce wani basaraken Turawa ya taɓa kafa gidansa a kai shekaru ɗaruruwa, yanzu sai tumaki, amma an yi masa shinge an kafa allo, ba mai ɗibar ko cokali ɗaya. Ka yabe su har shafi guda. To, a bayan shafin nan ne kuma ka ce in bar Chaibou mai kamiyo, babbar motar nan ta ɗaukar kaya, ya kwashe tudun Kaka na bayan gidanmu ya buga tubali, wai tarin ƙasa ne ya tare fili. Haba Mourtala! Wallahi raina ya ɓaci. Na Turawa tarihi, namu juji?

Ko ka manta ne? Katangar da kakanninmu ke tura raƙuman gishirin Fachi cikinta in mahara sun taso, ita ce ta zube ta zama tudun nan. Ƙa'idar gidanmu kuwa a ɗebi ƙwarya ɗaya ta ƙasar tudun a shekara, a zuba cikin yaɓen gida kafin damina, ba ƙari. Da ƙafarka ka sha taka kwaɓin.

Shekaranjiya Chaibou ya zo da ma'aikata uku, ya ce kai ka ba shi izini ta talho. Na shimfiɗa tabarma bisa tudun na zauna, na ce ya fara kwashe ni tukuna. Inna ta dogaro sandarta ta zo ta zauna gefena. Sai ya juya kamiyonsa. In ya dawo gobe, nan zai iske mu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni dai ban bari ba.

Chaibou ya ce kai ma kana da gado a cikin tudun, kuma gaskiyarsa. Shi ya sa na ɗebi tafi guda daga ƙwaryar bana, na ƙulle a tsumma, na ba Idi ɗan Baffa da zai taho wajenku.

Inna da Hajara da Abdou suna gaishe ku. Ka gaida Ramata, ka shafa mini kan yara. In ƙullin ya iso, rabonka ke nan, sai ka kafa masa allo.

Taka yaya,
Souwaiba