Harafin C ya jefa ni cikin ƙarya

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, ni ma na zagi kaina ya ishe ni.

Ina digiri na biyu ne, bincikena a kan ƙwayoyin halittar fumfuna, irin wadda kuke gani a jikin burodi idan ya kwana biyu. Ina neman wadda za ta iya cinye rinin da kamfanonin fata ke zubarwa a kogin Challawa. Wani dattijo mai gonar alayyafo a bakin magudanar, wanda ruwan ya kusa kashe masa gona, shi ya bar ni na ɗebi ƙasarsa. Da na dawo ɗakin gwaje-gwaje sai na rubuta C a kan kwalabena, wato Challawa. Ashe abokiyar karatuna ma C ta rubuta a kan nata, wato kwantirol, fumfunar makaranta da muke gwada sauran da ita. Firij ɗaya, alƙalamin rubutu iri ɗaya! Wa zai ce min harafi ɗaya zai yi min haka?

Aka aika kwalabe aka karanto ƙwayoyin halittar, na yi wata huɗu ina fama da kwamfuta, ga kwasa-kwasai, ga jarrabawa, har na gano abin da ke cinye rinin. Malamata ta rungume ni a gaban mutane ta ce, "Kin fitar da mu kunya." Don zumuɗi na hau adaidaita na je na gaya wa dattijon nan.

Sai watan jiya na kwatanta sakamakon da na rumbun bayanai. Harafi da harafi, fumfunar makaranta ce. Ba ta taɓa ganin Challawa ba. Kun san me na yi? Na canza sunan fayil ɗin na yi shiru. Wallahi kunya nake ji, amma haushi ya fi yawa. Shekara uku! In na faɗa, daga farko zan soma, kuma da wane ido zan kalli malamata?

Ranar Asabar dattijon ya kira ni. Ya ce, "'Yata, masu kamfanin da ke son sayen gonar su yi sito sun dawo. Yarana sun ce in sayar in nemi wata a Kura, na ce a'a. Tunda kin ce maganin yana cikin ƙasata, zan jira ki."

Na ce, "To Baba, Allah ya ƙara muku lafiya."

Saura kwana tara in kare kundina. Shi kuma Juma'ar nan masu sayen za su zo jin amsarsa ta ƙarshe, yau ga shi Talata.

Jama'a, me zan yi?