Turmi Na Uku a Argungu

Laraba, 1 ga Nuwamba, 2023

An tsayar da rana. Asabar 18 ga wata, a Argungu, ni da Ebuka. Baba Tamba ne ya kawo labarin, uban gidana a dambe, wanda da sunansa ake kirana a fili, Bahagon Tamba. Dariya na yi har shayi ya sarƙe ni. Ebuka dai? Ɗan Mama Ozioma mai shago a Gesse, wanda ya shiga ɓangaren 'yan damben Kudu shekara huɗu da suka wuce? Sau biyu muna haɗuwa, sau biyu ina kashe shi tun makaɗa ba su gama ɗaure kalangu ba.

Dambe ashirin da uku na yi, gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba. Ba ni da gona, ba ni da babur. Wannan sunan shi ne duk abin da na mallaka, kuma ina son abina.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Bayan masallaci na kwanta a gindin darbejiya ina kallon hannuna na hagu. Matata Zakiyya ta fito da tsintsiya ta ce ko wani sabon yatsa ne ya tsiro mini. Matar nan ba ta ganin girman shagon dambe.

Ban san yadda zan faɗa mata ba. Da an buga kalangu sai komai ya lafa, kamar na nutse cikin gulbi. Ihun mutane ya yi nisa. Sai in ga kafaɗar mutum ta yi niyya tun shi bai sani ba, in ga inda haɓarsa za ta kasance, hannuna ya riga ta isa wurin. Ba wanda ya koya mini. Ina da shekara goma sha biyu na fara ganin haka a bayan makarantarmu, har yau bai taɓa ƙin zuwa ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Na shiga mota zuwa gaisuwa, sai ga Ebuka a hanyar Zauro yana gudu da buhun yashi a kafaɗa, zufa kamar an tsamo shi daga rijiya. Na leƙo ta taga na tambaye shi ko jakin gidansu ne ya ɓata. Ya ɗago hannu kawai, bai ko rage gudu ba.

Tausayi yake ba ni. Dambensa ba kyan gani, kamar mai sussukar gero. An kashe shi sau goma sha ɗaya, kowane lokaci ya tashi ya kakkaɓe wando, gobe da asuba yana kan titi. In ni ne da tuni na koma tsaron shago.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Baba Tamba ya zo har gida, wai kwana tara bai gan ni a filin motsa jiki ba. Na ce hannu na hutawa. Ya zauna kan turmin Zakiyya ya daɗe yana murza goro.

“Maliki, sau nawa ka taɓa kai turmi na ukku?”

Na ce ko sau ɗaya. Na biyu ma sau biyu ne, su ma don ina son 'yan kallo su more.

“To. Ƙahwa ita ad dambe, yaro. Hannu ɗan rakiya na.”

Na raka shi bakin titi. Sai da na dawo na lura ba yabo ne ya kawo shi ba, amma a lokacin daɗi na ji.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Na yi mafarki ina dambe a kan ruwa, ƙafata ba ta nutsewa, balbelu ne 'yan kallo.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Zakiyya ta ji labarin buhun yashi a wurin matan unguwa. Ta ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Na ce nawa zomon da ƙafarsa yake zuwa ya shiga tukunya. Ta yi dariya, amma ba irin wadda nake so ba.

Na wanke zaren naɗin hannuna na shanya. Aikin yau ke nan.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, Argungu

Mun iso da hantsi. Garin duk ƙamshin sabuwar shinkafa da kifi banda. Da la'asar na sulale na bar su Baba Tamba, na je bakin gulbi na zauna. Masunta kwance a kan gorunansu, ruwa na tafiya da su a hankali kamar masu barci. Wani tsoho ya jefa birgi, komar nan ta wurgawa, ta buɗe a sama ta daɗe kafin ta sauka, ko kuwa ni ne na ga ta daɗe. Na riƙa jin kirarina a cikin kaina, da muryar maroƙi da komai. Na ga an ɗaga ni sama, na ga Abuja, na ga hotona a bayan motoci. Har na fara tunanin launin rigar da zan sa.

A hanyar dawowa na bi ta filin damben. Sabon yashi aka zuba, daga gulbi aka kwaso shi, ƙafa na nutsewa har idon sawu. Ebuka na ciki shi kaɗai, yana takawa yana danna diddige, ya yi gaba ya yi baya. Na ce ko kuɗin mota ya yar. Ya ce a'a, gaisawa yake yi da ƙasa.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Hannuna lafiya lau. Ko kumburi babu.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, Birnin Kebbi

Bari in rubuta, ko zai fita daga kaina.

Turmi na farko abin ya zo kamar kullum, komai ya lafa, na jira kafaɗar Ebuka ta yi niyya. Ba ta yi ba. Mutumin nan bai zo duka ba. Ya miƙa hannun kariya ya tsare fuska, ya riƙa zagaya ni, ni ina binsa cikin yashi. Na kai masa uku, biyu iska ta sha, ɗaya ya sauka a kafaɗa. Mutane na yi masa ihun matsoraci, ko a jikinsa. Aka raba, babu kisa.

Na biyu na shiga da fushi. Na same shi sosai a gefen kunne, irin dukan da yake kwantar da mutum. Ya yi tangal-tangal, ƙafafun nan suka riƙe shi kamar turakun rumfa. A nan na fara jin numfashina. Ban taɓa jin numfashina a fili ba.

Na uku. Ban san haka yake ba. Ihun mutane ya dawo kusa har cikin kunne, kalangu ya zama hayaniya. Cinyoyina suka fara rawa. Sai a lokacin ya kawo duka, ɗaya tak, kuma na gan shi sarai, tun daga nesa na gan shi. Na sunkuya zan kauce irin yadda na saba, irin kaucewar da ake tafa mini. Na yi ƙasa, ƙafar ta ƙi dawo da ni. Gwiwata ta dama ta sauka a yashi a hankali, kamar mai shirin gaida surukai.

Bai taɓa ni ba. Wallahi ko iskar hannunsa. Amma doka doka ce, gwiwa ta taɓa ƙasa, kisa ne.

Shi ya kama hannuna ya tashe ni. Yana haki ya ce mini a kunne: “Shekara biyu ina jiran turmin ga, Maliki. Hannunka ya hi ƙarhina, shi yas sa ban zo wurinai ba.”

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Ban fita ba. An ce bidiyon na yawo a wayoyi, har an sa masa kiɗa. Zakiyya ta daina tsokanata, tana ajiye abinci a hankali kamar gidan makoki. Wannan ya fi ciwo.

Ashirin da uku da ɗaya. Ɗayan nan ba ya gogewa.

Talata, 28 ga Nuwamba

Baba Tamba ya leƙo. Na shirya jin wa'azi, bai yi ba. Ya ce mutanen Argungu na son a sake bayan wata uku, in ina so.

Tun da ya tafi nake juya abin. Har gobe na fi Ebuka dambe, wannan ko uwarsa ta sani. Abin da nake gani a fili ba zai taɓa ganinsa ba ko zai ɗauki yashin gulbin Rima duka. To amma wa ya ba shi zuciyar tashi sau goma sha ɗaya? A kasuwa ya saya? Ni kullum ina cewa ni aka ba, shi wahala yake sha. Yanzu ban sani ba. Wataƙila kowa da irin abin da aka ba shi, shi dai ya kula da nasa.

Ban yarda da wannan maganar ba tukuna. Rubutawa kawai na yi.

Asabar, 2 ga Disamba

Na je Zauro taya Kawu Abu kwasar shinkafa. Zumunci ne kawai, ya daɗe yana ƙorafi ba na zuwa. Buhu goma sha huɗu na ɗauko daga fadama zuwa bakin hanya, ƙasa na danƙo tana riƙe ƙafa.

Da suka tafi cin abinci na zagaya bayan tarin buhuna inda ba mai gani. Na yi tsayuwar dambe, gwiwa a lanƙwashe, hannu a miƙe, ba kalangu, ba kowa, sai tsuntsaye. Na ce bari in ga tsawon turmi uku. A na biyu cinyoyin suka fara rawarsu. Na ce ku yi ta yi. Ban zauna ba sai da na ukun ya cika.

Kawu ya ce akwai saura ranar Litinin. Na ce zan duba.