Hannun da Zai Shafa wa Jikana Mai

Ɗana Lambros,

Gaisuwa mai yawa daga Jamus. Yaya ƙafar uwarka? Yaya matarka Evanthia da jaririn? Ni lafiya lau. Bayana ne kawai ke gardama idan na daɗe ina wanke tukwanen mutane, amma da ma can shi malalaci ne.

Na ji ministan nan ne zai zama uban baftismar jikana, har ya yi maka alkawarin aiki. Madalla. Ubanka bai wuce aji huɗu ba, amma ba ya manta fuska. Lokacin yajin aikinmu can gida, a tashar jiragen ruwa ta Piraeus, shi ne saurayi mai baƙar riga da ya zubar mini haƙora uku da sanda. Yanzu ya sa kwat.

Wannan hannun ne zai shafa wa yaron man zaitun, ya raɗa masa sunana a coci?

Na san kana buƙatar aikin, ba zan hana ka ba. Ka sanar da ni ranar. Zan zo, in tsaya kusa da shi a hoto, in cire haƙoran roba, in yi murmushi.

Allah ya raya mana yaron.

Ubanka,
Fotis