Rumbu Na Biyu

Alhamis, 15 ga Mayu 2025, Attantane

Saƙo ya shigo ta waya. Wata gonar zaitun kusa da Sfax, a Tunisiya, ta ɗauke ni aikin ban ruwa na shekara ɗaya, har da ɗakin kwana. Shekara huɗu ina ɗaura tiyo da famfon hasken rana a furojen ban ruwa na Mayahi, aka rufe furoje, aka sallame mu ko sannu babu. Yau dai wani ya san ina da amfani.

Inna kaɗai na gaya wa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Sirajo, kada kowa shi ji sai tikiti ya shiga hannunka. Bakin mutane ba shi da kyau." Na ce har Yaya Jibo? Ta ce shi ne ma na farko, don abin da Jibo ya ji matarsa Binta ta ji, abin da Binta ta ji kuwa bakin rijiya ya ji. Haka ake yi a garin nan tun ina yaro. Mutum zai bar ƙasa, sai ka gan shi da jaka yana cewa Tasawa za shi.

Talata, 27 ga Mayu

Jibo ya aro gonar Malam Iliyasu, ta hanyar Isawane. Babba ce, ta fi tamu ta gado. Ya dawo yana washe baki: "Bana mu biyu ne, ka huta da zaman biro irin na ma'aikata. Sai mun cika rumbun Baba hal baki." Tun rasuwar Baba gandu ɗaya muke, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya.

Na buɗe baki. Inna ta yi tari daga bakin murhu. Na ce Allah ya ba mu damina mai albarka.

Asabar, 21 ga Yuni

Ruwan shuka ya sauka tun ran Laraba. Jibo na gaba da sungumi yana sara, ni ina baya ina zuba iri ina rufewa da diddige. Mun gama gonar aro cikin kwana uku. Duk ramin da na rufe na san ba ni zan nome shi ba. Amma ni na ce ya aro? Kullum haka yake, ya yanke magana shi kaɗai, sai ka ji ta a bakinsa da "mu".

Laraba, 2 ga Yuli

Tikiti ya zo. Jirgi daga Yamai, ran goma sha shida. Inna ta ce a ƙara haƙuri, a bari sai ana gobe.

Juma'a, 11 ga Yuli

Asiri ya tonu. Ɗan Baba direba, wanda na kama wuri a motarsa ta Maradi, shi ya tare Jibo a ƙofar masallaci yana yi masa barka, wai ƙaninsa zai hau jirgi. A gaban liman, a gaban Malam Iliyasu mai gona.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya same ni ina wasa hauya, ya tsaya ya ce, "Yaushe ka sani?" Na ce tun Mayu. "Kahin in aro gonar?" Na ce Inna ce ta hana. Ya ce, "Ashe ni ne bakin mutane." Ya ɗauki hauyarsa ya fita, ranar Juma'a, da rana tsaka.

Haushi ya hana ni cin tuwo. Shekara talatin da ɗaya gare ni. Sai na nemi izini kafin in ci arzikina? Shi da bai taɓa wuce Maradi ba, yana so kowa ya tsufa a bakin kunya irinsa.

Litinin, 14 ga Yuli

Na zaga gida-gida na yi sallama. Tsofaffi duk sun ce na yi dabara da na ɓoye. Gwaggo Halimatu tana ta kuka, ta ɗauka ta Sahara zan bi, sai da na nuna mata tikitin, ta juya shi sama da ƙasa ta tofa masa addu'a.

Jibo ya tafi gona tun kafin in tashi. Mota ta bi ta gefen gonar aro, na hango shi a duƙe, ciyawa ta kai masa gwiwa. Ɗan Baba ya yi oda har sau biyu. Bai ɗago ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, Sfax

Ga tekun da ake ta faɗi. Ruwa ne dai, ba a sha, ba a ban ruwa da shi.

Aikin ba wuya. Itatuwa a jere kamar sojoji, tiyo na ɗiga musu ruwa, ni ina duba mita. Patron, mai gonar, yana yaba ni, amma har yau "Nijeriya" yake ce wa ƙasata, na gaji da gyara masa. A kanti wata mata ta janye jakarta da na matso. Ina da takardu, ina da kwantarar aiki, fuskata ce ba ta da su. Burodi safe, burodi rana. Yau da za a ba ni fura ko ta kwana ce, da na sha.

Na kira Jibo sau uku. Yana ƙara, ba a ɗauka.

Asabar, 20 ga Satumba

Ƙanwata Zara'u ta turo murya. Ciyawa ta cinye rabin gonar aro, hannu ɗaya bai iya mata ba. Malam Iliyasu ya ce daga bana ya karɓi abinsa, ba ya ba da gona a mayar masa da ita daji. A gaban mutane ya faɗa. Na ce mata ai na ce a ɗauki 'yan ƙwadago, ni zan ji da su. Ta ce, "Yaya ya ce ba shi son hannun haya inda hannun ɗan'uwa ya tsere."

Girman kai ne kawai. Ya kashe gona don ya samu abin ɗora mini.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Hoto daga Zara'u. Sabon rumbu a bayan gida, ƙarami, ciyawar jinkarsa ko bushewa ba ta gama ba. Yana tsaye nesa da na Baba.

Sai ga muryar Jibo, ta farko cikin wata uku da rabi. Daƙiƙa goma sha ɗaya. "Sirajo, an yi girbi. Ka yi shuka, kana da haƙƙi. An ɗaure maka naka daban, yana cikin rumbunka. Ka hwaɗi wanda za a ba, shi riƙe maka."

Rumbunka. Ba a kira kawu ba, ba a kira liman ba, ba a auna gona da igiya ba, amma an raba gandu. Duk wanda ya wuce ta bayan gidanmu zai ga rumbu biyu ya gane. Inna ta kira tana kuka, wai ita tsare ni ta yi. Na ce na sani.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Patron ya ajiye mini takarda, yana so in ƙara shekara biyu. Ya ba ni zuwa Litinin.

Ban gaya wa Inna ba tukuna. Jibo na tura wa. Sau biyar ina ɗauka ina gogewa, na ƙarshen bai fi nasa tsawo ba: "Yaya, an ce in ƙara shekara biyu. Ban sa hannu ba. Kai na hwara gaya ma. Mi ka gani?"

Ba izini nake nema ba. Don dai kada ya sake ji a bakin direba.

Waya ta nuna ya saurara tun kafin azahar. Yanzu la'asar ta wuce. Na je duba mitar layi na tara har sau biyu, don can ne rezon waya ya fi kamawa.